Tafiyata Ghana da Amanar Ardo Buba

Tun da na dawo daga Ghana ban huta da tambaya ba. A makaranta, a gidan suna, har a bakin injin niƙa: "Malama Adama, yaya Ghana? Da gaske ne na'urar nan za ta ƙwace aikin malamai?" Wasu kuma ba ruwansu da na'ura, tsaraba kawai suke cigiya. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Ni ce shugabar wata firamare da ke bayan kasuwar shanu a nan Potiskum. Bafulatana ce ni, amma haihuwar gari. Mahaifina dillalin shanu ne har Allah ya yi masa rasuwa, kuma a wurinsa na gaji halin da ake zagina da shi, wato rashin saurin yarda. Yakan ce in aka kawo maka saniya mai ƙiba a farashin akuya, kada ka duba saniyar, duba wanda ya kawo ta.

Wata ƙungiya ce ta shirya taro a Accra kan yadda hukumomin ilimi za su shigo da ƙirƙirarriyar basira makarantu ba tare da an cutar da yara ba. Daga yankinmu aka zaɓi mu biyu: ni da Ya Falmata, shugabar wata makaranta a Damagum. Babarbariya ce, ƙawata tun kwalejin horon malamai, kuma kun san tsakanin Fulani da Barebari ba a rabuwa da tsiya. Ita duk sabon abu nata ne. In aka ce ga rami an yi masa fenti, Ya Falmata za ta leƙa.

Ana jibi za mu tashi, Ardo Buba ya zo ofishina. Shi ne babban Fulanin da suka zauna a bayan kasuwa bayan sun gaji da yawo. Na sha wuya kafin su yarda su ba ni 'ya'yansu, kuma da sharaɗi suka bayar: ba sunan yaro ko hotonsa da zai fita daga makaranta. Ba ƙauyanci ba ne. A wannan zamani da ake ɗauke yaro don an san ubansa yana da garke, duk wanda ya ɓoye ɗansa yana da hujja.

Ya ƙi zama a kujera, ya jingina da sandarsa. "Malama, mun ji za ki je ɗauko inji mai gane fuskar yara."

"Ba ɗaukowa zan je yi ba, Ardo. Gani zan je yi."

"To, ki gani da kyau. Ranar da ya shigo, mu za mu fita." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa. "Waccan tana karatu kuwa?"

Waccan ita ce Hafsatu, 'yarsa ta fari, wadda ta fi kowa a aji biyar. Kunyar ɗan fari ba ta barin Bafulatani irin Ardo ya kama sunanta. Tun da na san shi ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Na ce masa tana yi, har ta fi ƙarfin malaminta. Sai na ga ya gyara zaman hularsa.

Muka hau mota zuwa Kano. Kafin mu kai Azare na riga na yi faɗa da direba kan gudu, Ya Falmata kuwa ta riga ta san sunan matan duk fasinjojin. Ta sha lalle hannu da ƙafa, yatsun nan baƙi wuluk, sai ka ce ita ce amaryar taron. Ga ƙamshin humra ya cika motar. Na ce mata Ghana za mu je koyon aiki, ba kai lefe ba. Ta ce, "Ke Fulata, me kika sani ban da warin nono?"

Daga Kano jirgi ya kai mu Legas. Ban ji tsoron jirgi ba kamar yadda Ya Falmata ta yi ta yaɗawa. Addu'a kawai na yi da ɗan ƙarfi. A Legas muka haɗu da sauran malaman Najeriya, aka zuba mu a doguwar bas, muka kama hanyar bakin teku.

A iyakar farko lallen nan ya yi aikinsa. Ana ɗaukar hoton kowa da zanen yatsunsa. Na ɗora nawa, na'ura ta karɓa nan take, abin da bai yi mini daɗi ba. Ya Falmata ta ɗora nata, na'ura ta ƙi. Ta goge a zani, ta ƙi. Aka kawo ruwa da sabulu, ta ƙi. Jami'in ya juya hannun yana kallo kamar an ba shi sabon abu. Bas guda tana jiranta, wani malami daga Inugu yana ta duba agogo yana tsaki. Da ƙyar ɗan ƙaramin yatsanta ya cece mu. Da muka koma mota na ce mata ashe har injin Turawa ya san bai kamata a yarda da Babarbare ba. Amma a raina wani abu nake juyawa: yatsana da fuskata sun shiga cikin akwatin nan, ban tambayi inda za su kwana ba, kuma ba wanda ya ga ya kamata ya gaya mini.

Kwatano ta ba ni mamaki da babura. 'Yan acaɓa cikin riguna masu ruwan ɗorawa kamar fari sun sauka a gona, ga mata da kansu suna tuƙi da goyo a baya. Mu da muka yi shekaru ba mu ga babur a titinmu ba saboda dokar hana su, sai na riƙa kallo kamar baƙauya. Muka ratsa Togo kafin in gama cin gyaɗar da na saya. Kowace iyaka da nata layin, da nata neman katin allurar rigakafi. Teku kuwa na gan ta, tana nan yadda ake faɗa. Ruwa mai yawa haka, ba saniyar da za ta iya sha.

Masaukinmu a Accra, wadda Hausawan can suke kira Ankara, ba shi da makulli sai kati. A rufin ɗakin akwai wani farin abu mai ƙyafta jan ido. Ban yi wata-wata ba na hau kujera na ɗaure shi da ɗankwali. Da safe mai gyaran ɗaki ta gani, ta yi dariya har ta dafa bango. Wai na'urar jin hayaƙi ce, saboda gobara. Na cire ɗankwalin a gabanta don kada ta ji kunya. Tana fita na mayar.

Abinci kuwa, an fara mu da dokunu, wani tuwon masara mai tsami da aka naɗe a bawo, da soyayyen kifi da barkono ɗanye. A gida in tuwo ya yi wannan tsamin, kaji ake ba. Na ci don yunwa, kashegari kuma na ci don na fara sonsa, amma ban gaya wa Ya Falmata ba. Shinkafa da wakensu ja ce, da karan dafi suke dafawa, a zuba taliya da garin rogo da ƙwai duk a ganye ɗaya. Wata rana aka kai mu zango, unguwar Hausawa. Wata mai fura ta ji muna magana ta ce, "Kai, 'yan Nijeriya! Uwarku yana lafiya?" Sai na ji kamar ina cikin kasuwarmu, inda Bangizime da Bakarkare suke murɗa Hausa yadda ta yi musu daɗi, kuma kowa ya gane.

Yanzu ga taron. Na je da shirin faɗa, sai na tarar wadda take jagoranta ta fi ni zargi. Hajiya Memuna ce sunanta, 'yar Tamale, tsohuwar malamar makaranta, tana jin Hausa. Ranar farko ta sa aka buɗe manhajar da ake yi wa tambaya ta amsa. Gaskiya abin yana da ban mamaki. Tsarin darasin da nake ɓata yamma guda a kansa, kafin in gyara zama ta fitar da shi. Sai Hajiya ta ce kowa ya tambaye ta abin da ya fi kowa sani. Na tambaye ta yadda ake cinikin sa a Potiskum. Ta zubo bayani tiryan-tiryan, da Hausa mai kyau, har da cewa ana ɗora kowane sa a sikeli a manna masa farashi a ƙaho. Ko a jikinta. Na san irin wannan a kasuwa, dillalin da bai taɓa cewa bai sani ba.

Hajiya ta ce abin da take so mu gani ke nan. Na'urar tana taimako, amma malami ne zai duba kafin abu ya kai gaban yaro. Sauran kwanakin duk a kan tambayoyi muka yi su. Kafin hukuma ta karɓi kowace manhaja, a ina ake ajiye bayanan yara? Wa yake iya gani? In an ce a goge, wa zai tabbatar an goge? An gaya wa iyaye da harshen da suke ji, ko takarda kawai aka tura musu su dangwala? Ta ce a fara gwadawa da aikin malamai, inda babu sunan yaro ko ɗaya. Ta maimaita har muka haddace: kada a sa sunan ɗalibi ko hotonsa a manhajar da ba a yi yarjejeniya da masu ita ba. Ya Falmata tana gefena tana gyaɗa kai, har da rubutawa.

Amma a farfajiyar zauren akwai 'yan talla, kowa da teburinsa. Cikinsu akwai wani saurayi mai fara'a da kwat, yana tallar manhajar kiran suna. Yaro ya shigo aji, kyamara ta gane fuskarsa, ta rubuta ya zo. Kuma kyauta, shekarar farko. Da na ji kalmar kyauta na ja jakata na matsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ana gobe za a rufe taro, na fito daga sallar azahar ina gyara mayafi, sai na ji wata murya ta ƙarfe daga bayana ta ce, "Hafsatu Buba." Ta ƙara wata kalma da Turanci, wai ta halarta.

A Accra nake, iyaka uku tsakanina da gida, kuma ga sunan 'yar Ardo yana tashi a bainar jama'a.

Na juya. Ya Falmata ce a teburin saurayin, fuskarta cike da murna. Ashe ya ce ta gwada da kowane hoto da ke wayarta. Ita kuwa tana da hotunan ranar rabon kyaututtuka a makarantata, da ta zo mana baƙuwa. Ta tura masa na farko, inda Hafsatu take riƙe da kyautarta, ya tambayi sunan, ta faɗa. Ta tura na biyu, inda yarinyar take can gefe ta juya rabin fuska tana ɗauke da buta. Na'urar ta zagaye fuskar da koren layi ta kira ta.

"Adama, zo ki ga ikon Allah! Ko ta gefe ta gane ta!"

"Ya Falmata, 'yar wa kika ba shi?"

Na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ba mugunta ba ce. A wurinta nuna hoton yaro mai ƙoƙari alfahari ne, kamar yadda ake zagayawa da jariri ranar suna. Ta ɗauka dokar Hajiya ta aji ce, ba ta farfajiya ba.

Na ce wa saurayin ya goge. Ya danna wani wuri ya nuna mini allon, fes. Na ce wannan allonka ne, ina can inda hoton ya tafi? Ya ce yana rumbun kamfani. Ina rumbun? A ƙasar waje. Wace ƙasa? Wai sai ya duba. Wa zan kama in wani abu ya sami yarinyar nan? Ya yi murmushi ya ce shi wakili ne kawai.

A kasuwarmu baƙo ba ya sayar da ko ɗan maraƙi sai da dillalin da ya tsaya masa. In saniyar ta fito ta sata ce, ba a neman baƙo, dillali ake kamawa, don an san ƙofar gidansa. Dillalin da ya ce shi wakili ne kawai, ranar zai bar kara, wato kasuwar shanun. Na so in gaya wa saurayin haka, Turancina bai kai ba, sai na gaya masa da Hausa, da ƙarfi, har mutane suka taru.

Hajiya Memuna ce ta raba. Ta tsare shi sai da ya kira manyansa a waya a gabanmu. Suka yi alkawarin gogewa. Da muka keɓe na tambaye ta tsakani da Allah ko hakan ya wadatar. Ta ce, "'Yar'uwa, mai yiwuwa su goge. Amma in ce miki na gani da idona, ban gani ba." Kashegari ta ba da labarin a zaure ba tare da kama suna ba, kuma aka kwashe teburan tallar. Wasu suka ce darasin ya fi duk na makon amfani. Ni ban ji daɗin zama darasi ba.

A hanyar dawowa ba tsiya, ba dariya. Lallen ya fara koɗewa, na'urar kan iyaka ta karɓi yatsunta ba gardama. Sai da muka wuce Wudil ta ce, "Adama, in ba ki faɗa ba, ta ina zai sani? Za ki sa ya kwashe yaran nan gaba ɗaya a kan abin da wataƙila ba zai taɓa zama komai ba."

Ba ƙarya ta yi ba, kuma na yi ta juya maganar har Azare. Ina tsoron rasa yaran nan. Shekaru na yi ina bin gidajensu. Amma mahaifina yana da doka ɗaya da bai taɓa karyawa ba: in ka san aibin dabba, ka faɗa da bakinka kafin mai saye ya gano. In ya fasa, ya fasa. In ka ɓoye ya gano, ba shi kaɗai ka rasa ba, ka rasa duk danginsa.

Kwana biyu da dawowa na tafi gidan Ardo bayan la'asar. Ina isa na tarar da Ya Falmata a ƙofar gida, ta taso tun daga Damagum. Ta ce ita ta ɓata, ba za ta bari in shiga ni kaɗai ba. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono. Ardo ya fara tsokanarta yadda aka saba, wai yau Barebari sun zo gaida iyayen gidansu. Da ya ga ba ta rama ba, sai ya dube ni.

Na gaya masa komai da Fulatanci, ban rage ba. Hoton, sunan, alkawarin gogewa, da cewa ba ni da tabbas.

Ya daɗe yana zane a ƙasa da bakin sandarsa. "Yanzu fuskar tana ina?"

"Ban sani ba, Ardo."

"Wanda ya karɓa fa, ya sani?"

"Shi ma bai sani ba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya yi tambayar da ban zata ba. "Kika ce injin ya yi magana. Da baki ya kira ta?"

"Da baki."

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane."

Ya kawar da fuska wajen turken maruƙa. "Ni da na haife ta," in ji shi a hankali, "ban taɓa kira ba."

Ya Falmata ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce ta yi haƙuri, ƙaddara ce. Ya juyo gare ni. "Kin faɗi aibi da bakinki, Malama. 'Yar mahaifinki ce ke. Ciniki bai tashi ba, yara za su zo. Amma daga yau duk injin da zai shiga makarantar nan, ba kamfani na sani ba, ba gwamnati na sani ba. Ƙofar gidanki na sani."

Na ce na yarda. Har na fara jin sanyi a raina, sai ya ƙara da cewa, "Waccan kuwa za ta tafi wurin kawunta. Wanda ya san fuska da suna, saura hanya." Na roƙe shi. Na ce ba lallai wani abu ya faru ba, na ce saura mata shekara ɗaya ta gama. Ya ce shi ma ya san ba lallai ba ne, amma ba zai sa 'yarsa a kan wataƙila ba. Ni ma dai da wataƙilar na dawo.

Yanzu ofishin ilimi ya sa ni cikin masu tsara ƙa'idojin shigo da waɗannan manhajoji a makarantunmu, ni da Ya Falmata, wadda ta koma ta fi ni tsanani. Malamaina suna amfani da na'urar wajen shirya darasi, kuma tana rage musu wahala, ba zan ɓoye ba. Amma duk mai tallar da ya zo, kafin ya buɗe jakarsa nake tambayarsa wa ya tsaya masa, kuma ina ƙofar gidansa. Yawancinsu ba sa dawowa.

Masu tambayar tsaraba, ga ta nan, ita ke nan. Yaran mutanen Ardo suna zuwa kullum, ƙannen waccan ma suna zuwa. A aji biyar kuwa, in malamin yana kiran suna da safe ya iso kan nata, sai ya ɗan yi shiru ya wuce. Mu ma yanzu mun daina kira. Wannan da na rubuta muku a nan ma, ba shi ne sunanta ba.